Alƙalamin Aro

Sukan iso Lusaka ne
lokacin da itatuwan bakin titi ke zubar da fure shunayya
a kan rufin motoci.

Ni ce mai shayi a hawa na huɗu,
Namakau, 'yar Situmbeko.
Shekara goma sha tara ina ɗaukar faranti
a ma'aikatar kuɗi.
Ba a rage murya don na shigo.
Wa ke ɓoye wa buta magana?

Bana su huɗu ne.
Jakunkuna ƙanana, takalma marasa ƙara.
Ba bindiga, ba tsawa.
Kakana ya ga zamanin masu bindiga,
ya ce ko ba komai kana ganin abin da aka auna ka da shi.
Waɗannan sai murmushi, sai godiya.
Ɗayansu har ya tambayi sunana,
ya karya shi gida uku, ya miƙo mini.

Na zuba madara, na ji an ce taki.
A janye hannu daga taki.
Na tuna gonar innata a Mongu,
masarar da ke tsayawa iya gwiwa ta yi jajir
kamar mai jin kunya.

Na kawo sukari, na ji an ce albashi.
Kada a ɗauki sabon ma'aikaci sai an gani.
Ƙanena Lubasi ya gama koyon malanta damina uku da suka wuce.
Takardarsa na cikin leda ƙarƙashin katifa,
shi kuma yana tallan katin waya a tashar mota,
ga ajin unguwarmu, yara tamanin da bakwai,
malama ɗaya, muryarta ta dishe tun Talata.

Na dawo kwashe kofuna, an kai kan wuta da ruwa.
A sayar, in ji mai farin gilashi, a hankali,
kamar mai ba mara lafiya shawarar ya sha kunu.

Ban iya lissafinsu ba.
Amma na san bashi.
Na taɓa karɓar kwacha ɗari biyar wajen wata mata a kasuwa
ranar da tarin mahaƙar tagulla ya kwantar da babana.
Na biya, na biya, na sake biya,
uwar kuɗin na nan zaune ba ta ko motsa ba,
'ya'yanta kawai nake ciyarwa.
Daga baya matar ta fara leƙa tukunyata:
nama kuma, Namakau? da kuɗin wa?
Ranar na gane ba kuɗinta take jira ba.
Ludayin take so.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
To, amma hanjin wasu a hannun wasu yake,
in an ja can, nan ake murɗawa.

Kada in yi ƙarya, namu ma sun ci.
Na wanke kofunan waɗanda suka karɓo,
na ga gidajen da suka tsiro musu a bayan gari
da titin da ya tsaya a tsakiyar daji.
Sun tafi. Jikata Inonge, wata biyar a duniya,
ko haƙori ba ta fitar ba,
an riga an rubuta mata rabonta.

La'asar ta yi, aka turo takardar gaban darakta.
Mutumin kirki ne, yakan tambayi jikin ƙafata.
Ya cire alƙalami daga aljihu.
Ya ja, bai kama ba.
Ya girgiza, ya hura masa iska, ya gwada a gefen jarida.
Shiru. Har na ji ƙarar agogon bango.

Sai mai farin gilashi ya yi murmushi,
ya miƙa masa nasa.

Na kwashe kofuna bakwai,
ɗaya ba a ko taɓa shi ba.